Yadda ake gwajin fitar da jama'a daga gidan kallo tun gobara ba ta zo ba

Yawancin gidajen kallonmu na Damagaram, na ƙwallo da na fim, fasalinsu ɗaya ne: rufin kwano, bangon bulo ko langa-langa, wani ma zana ce aka kewaye, benci a jere har gindin talabijin, da ƙofa guda wadda mai karɓar kuɗi ke tsaye a bakinta. In akwai ta biyu, sau da yawa kwaɗo ne rataye a jikinta. Daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ko makon kokawar takobi, ko kwanakin salla, ɗaki yakan cika har da na tsaye, ga wayoyin lantarki a sargafe a sama, ga injin wuta yana ruri a bayan bango da jarkar fetur kusa da shi.

Na daɗe ina taya masu irin waɗannan gidaje shirya gwajin fita, kuma abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, wanda ya firgita ƙofar da ya shigo ta ita yake nufa, ko da akwai wata a buɗe taku biyar daga inda yake zaune. Ba ya yarda da ƙofar baya sai ƙafarsa ta taɓa bi ta cikinta. Kibiyar da ka zana a bango ba za ta koya masa ba, sai ka tashe shi ya bi hanyar da ransa a kwance.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A watan Mayu na 1951 silimar El Duniya ta ƙone a Kano, sama da mutum 300 suka rasu. A garin Paisley na Sikotland, a 1929, hayaƙi ne kawai ya tashi daga gwangwanin fim, yara suka ruga ƙofar da ba ta buɗu ba, kusan 70 suka mutu a turmutsitsi ba tare da wuta ta taɓa su ba. A silimar Uphaar ta birnin Delhi, a 1997, mutum 59 suka rasu, galibinsu hayaƙi ne ya shaƙe su, bayan an toshe wata hanyar fita da ƙarin kujeru. Mu nan kuma gobarar azuzuwan zana ta Yamai da ta Maraɗi a 2021 ta nuna mana saurin da wuta take cin kara da busasshiyar ciyawa. Hayaƙi da cunkoso a bakin ƙofa sukan riga harshen wuta kisa, saboda haka su biyun za mu yi wa shiri.

Kayan da za ka tanada

- Igiyar awo ta mita, alli, da ɗan gwangwanin farin fenti da kore.
- Usur guda biyu, da lasifikar hannu mai batir. In babu lasifika, murya mai ƙarfi da benci ɗaya da za a hau sun wadatar a ƙaramin ɗaki.
- Fitilu masu caji, irin waɗanda ke kama da kansu in an ɗauke wuta, ɗaya a saman kowace ƙofa, ɗaya a tsakiyar ɗaki. In ba ka samu masu kama da kansu ba, ka bar na talaka a kunne tun daga farkon kallo har ƙarshe.
- Tocila ga kowane ma'aikaci. Fitilar waya ba ta maye gurbinta, domin kafin a buɗe waya a lalubo ta an ɓata lokaci.
- Tukunyar kashe wuta mai hoda, mai kilo 6, wadda aka rubuta ABC a jikinta. In da hali, a ƙara ƙarama mai iskar CO2 kusa da talabijin da dikoda.
- Bokiti uku ko huɗu cike da busasshen rairayi, da gangar ruwa mai lita 200 a rufe. Kowa ya san halin famfo a garin nan, kada ka dogara da shi.
- Bargo mai kauri na auduga ko na ulu. Na roba narkewa yake a jikin mutum.
- Jan ƙyalle babba, agogo ko waya mai ƙirga daƙiƙa, littafi da biro.

Mataki na 1: Auna ƙofofinka, ka san mutum nawa ɗakin zai iya fitarwa

Tambayar ba ta benci nawa ɗakin zai ɗauka ba ce, ta mutum nawa zai iya fitarwa a minti 2 da rabi ce, wanda shi ne lokacin da masu kula da gobara a Ingila suka daɗe suna aiki da shi. A lissafinsu, ƙofa mai faɗin santimita 75 tana fitar da mutum 100 a wannan lokacin, mai santimita 105 kuma mutum 200. Inda abin da zai ci wuta ya yi yawa, kamar ɗakin zana ko mai silin ɗin kwali, sai a rage zuwa 80 da 160.

Ka auna faɗin da mutum ke bi idan ƙyaure yana buɗe, ba faɗin ginin ƙofar ba. Sannan ka cire ƙofarka mafi girma daga lissafi gaba ɗaya, domin wuta tana iya tashi a bakinta. Misali, ta gaba tana da santimita 120, ta baya 80: ɗakinka na mutum 100 ne. In kana sayar da tikiti 180 a daren babban wasa, ko dai ka faɗaɗa ta baya, ko ka fasa ta uku, ko ka rage tikiti. Na san wannan magana ba ta yi wa mai gida daɗi, amma kiran magini ya fasa bango ya dasa ƙyaure bai kai cinikin wasu ƴan darare ba.

Ƙofa biyu a bango ɗaya, kusa da juna, ƙofa ɗaya ce a wurin hayaƙi. Ƙa'idar Faransa ta wuraren taruwar jama'a ma ba ta ƙirga su biyu in tazararsu ba ta kai mita 5 ba. Wadda ta fi ita ce ɗaya a gaba, ɗaya a baya ko a gefe can nesa.

Mataki na 2: Gyara hanya kafin ka tara kowa

Kada ka yi gwaji a ɗakin da ba ka gyara ba, za ka ji wa mutane ciwo a banza.

Fara da ƙyaure. Dole ya riƙa buɗewa waje. Wanda ke buɗewa ciki, da zarar mutum goma sun danne shi babu mai iya janyo shi, na baya kuma ba su san abin da ke faruwa ba, turowa kawai suke. Mai walda zai juya maka shi a yini ɗaya. In ba ka samu yin haka yanzu ba, ka buɗe shi ka ɗaure da igiya a jikin bango duk lokacin da mutane ke ciki, ka saki labule mara nauyi don tare haske.

Sai maganar kwaɗo, wadda ita ce ta fi ba ni wahala da masu gida. Dalilinsu a fili yake kuma gaskiya ne: in an bar ƙofar baya, yara za su riƙa silalowa ba su biya ba, wani ma ya buɗe wa abokansa daga ciki. Sai a kulle, a ce ai mabuɗi yana aljihun mai karɓar kuɗi. To mai karɓar kuɗin yana ɗaya ƙarshen ɗakin, tsakaninsa da ƙofar akwai mutum ɗari da suka miƙe tsaye, ko kuma ya fita sayen shayi. Ko yana kusa, soka mabuɗi a kwaɗo cikin duhu da hannu mai rawa, ana tura ka ta baya, ba abin da za a jingina rayukan mutane a kai ba ne. Mafita mai sauƙi ce. Cire kwaɗon tun kafin a sayar da tikitin farko, ka kai shi inda kake ajiye kuɗi don idonka ya riƙa ganinsa. Ka sa sakata guda ɗaya ta ciki, a daidai ƙirjin mutum, mai zamewa da yatsa biyu, ka riƙa ɗiga mata baƙin mai. Ka zaunar da amintaccen mutum a kujerar da ke jikin ƙofar, ka yafe masa kuɗin shiga, aikinsa ke nan. In kana tsoron a buɗe a ɓoye, rataya ƴar ƙararrawa ko gwangwanaye biyu a saman ƙyauren. Yaro ɗaya ko biyu da za su kuɓuce maka a wata asara ce da za ka iya ɗauka.

Fita ka duba bayan ƙofar kuma. Nan ne ake jibge karyayyun benci, nan mai shayi ke girka teburinsa da tukunyar gas, nan masu babur ke faka don inuwa. Ja layi da farin fenti, taku goma daga kowace ƙofa, kada a ajiye komai a cikinsa. Babur kam ba ya shiga ɗaki ko zaure ko da na mai gida ne, tankinsa fetur ne. In akwai kwata a bakin ƙofar a rufe ta da katako mai ƙwari ko siminti. Dokin ƙofa da ake ɗagawa don ruwan damina yana kayar da mutane, a shafa masa farin fenti, in da hali a yi masa gangara.

A ciki, bar hanya mai faɗin mita ɗaya ko fiye daga gaba har baya, da wata da ta miƙe zuwa kowace ƙofa, ka zana iyakarsu a ƙasa. Kada mai zama ya tsallake fiye da mutum bakwai ko takwas kafin ya kai hanya. Bencin da ba a kafe ba yakan kife in aka tashi gaba ɗaya, sai ya zama shinge a duhu, don haka a haɗa su bibbiyu ko uku-uku da katako ko waya. Kujerar da ake ƙarawa a kan hanya ranar cika, wannan a daina.

Leda, buhu da kwali da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano don rage zafi su ma abin dubawa ne. Leda in ta kama narkewa take tana ɗiga a kan mutane, hayaƙinta da na soson kujera guba ne. Injin wuta ya zauna a waje, a sarari, nesa da ƙofofi da tagogi, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari sosai ba. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, ko da ana tsakiyar bugun fanareti ne. Jarkar fetur kuma ɗaki daban.

Mataki na 3: Zaɓi wurin taruwa

Fili ne a buɗe, taku talatin ko fiye daga ginin, ba kan kwalta ba, ba ƙarƙashin wayar lantarki ba, ba kuma kan hanyar da motar kashe gobara za ta bi ba. Harabar masallaci ko filin makaranta suna yi, da izinin masu su. A hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, to kada ka tara mutane ta inda za ta kai musu hayaƙi. A lungunan Birni da na Zango, inda fili ke wuya, kowace ƙofa ta samu nata wurin, a tabbata dai lungun ba mai toshewa ba ne.

Mataki na 4: Raba aiki da suna

Aikin da aka ce na kowa ne, ranar tsoro babu mai yin sa. Ka rubuta sunaye a littafi:

Mai shela, shi ne shugaba. Shi ke busa usur, shi kaɗai ke magana da jama'a.
Mai ƙofa, ɗaya a kowace ƙofa. Ya buɗe ta gaba ɗaya, ya tsaya a gefe daga waje, yana haska ƙasa da tocila yana kira: «Ta nan, ta nan.» Ba ya barin kowa ya koma ciki.
Mai wuta. Ya kashe talabijin da lasifika nan take. In matsalar ta lantarki ce, ya sauke babban makunni ya kashe inji.
Mai waya. Ya kira lamba 18 ta ƴan kwana-kwana, in da rigima ko buƙatar tsaro ya kira 17.
Mai bin baya. Shi ne na ƙarshen fita. Ya haska ƙarƙashin benci, inda yara kan yi barci, ya leƙa makewayi, in ya fito ya ɗaga hannu.

Galibin gidaje mutum biyu ne ke riƙe da su, mai gida da yaronsa. Sauran sai ka ɗauko daga masu zuwa kullum, waɗanda ba sa fashi kuma ake jin maganarsu. Kowane aiki ya samu mataimaki, don ranar da mai shi bai zo ba. Masu keken guragu, makafi da dattawa a riƙa zaunar da su kusa da ƙofa, kowannensu da wanda aka ce shi zai kama masa.

Kashe talabijin ɗin nan kada ka raina shi. Muddin ƙwallo na yawo a allo, rabin ɗaki ba zai motsa ba ko da sun ji ƙauri. Amma fitilun ɗaki ana so su zauna a kunne, saboda haka ka sa mai gyaran lantarki ya raba layin fitilu da na talabijin.

Mai waya ya haddace abin da zai faɗa: gobara ce a gidan kallo, unguwa kaza, kusa da masallaci ko kanti kaza, akwai mutane a ciki ko duk sun fita. Kada ya riga su kashe waya. Tunda yawancin lungunanmu ba su da suna a rubuce, a tura mai babur bakin babban titi ya jira motar ya ja ta. Ya fi kyau tun kafin ranar ka je barikinsu ka gaishe su, ka kwatanta musu wurinka, ka roƙi su zo su duba. Abin da idonsu zai gani ya fi abin da ni ko kai za mu gani.

Mataki na 5: Gwajin ma'aikata, ɗaki babu kowa

Da rana, ku kaɗai. Busa usur, kowa ya yi aikinsa a tafiye, sau uku ko huɗu, har ya zama ba sai an tuna masa ba. Sannan ku rufe tagogi ku kashe wuta ku sake, don ku ga ko fitilun caji suna haska dokin ƙofa da gaske.

A nan ne kuma kowa zai riƙe tukunyar kashe wuta a hannu ya ji nauyinta. A zare ƙusar da ke kanta, a tsaya taku biyu zuwa uku, a saita bakin a gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Mai kilo 6 ba ta wuce ƴan daƙiƙu goma sha take ƙarewa, don haka ta wutar da ba ta fi ƙarfin mutum ɗaya ba ce, kuma mai fesawa ya tsaya ƙofa na bayansa. Allurar agogonta ta kasance a kan kore. Mai CO2 ba a kama bakinta da hannu, sanyinsa na ƙuna. Ruwa ba ya taɓa wayar da ke da wuta, ba ya taɓa fetur. Waɗannan biyun na hoda ne ko rairayi. Kuma ko an ga za a iya kashe ta, fitar da mutane ake fara yi, domin mai da su ciki abu ne mai sauƙi.

Mataki na 6: Gwaji da ƴan sa-kai

Tara matasa talatin ko arba'in na unguwa, ka zaunar da su a warwatse kamar masu kallo. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabta tukuna, in ba haka ba usur da fitowar mutane za su tayar da jita-jita, iyaye mata su rugo neman ƴaƴansu.

Zagaye na farko, ƙofofi duka a buɗe, fitila a kunne. Na biyu, mutum ɗaya ya tsaya a ƙofar gaba da jan ƙyalle a shimfiɗe, alamar wuta ta tare ta, kowa ya bi ta baya. Na uku, a sake haka da fitilun caji kaɗai. Fara ƙirga lokaci daga busa usur, ka tsayar sa'ad da mai bin baya ya ɗaga hannu.

Kada ka ƙona taya ko tsumma don a ga hayaƙi. Kada ka mai da shi gasar gudu, samari suna son haka, kuma gudun ne muke son cirewa daga jikinsu. Kai kuma ka tsaya a gefe ka zuba ido: ina layi ya tsaya, wane benci aka yi karo da shi, wa ya juya baya.

Mataki na 7: Gwaji da ainihin masu kallo

Wannan shi ne mai amfanin, kuma shi ne mai haɗari in aka yi shi da ganganci. Ba a yin sa ba-zata. Wanda ya ce zai kashe wuta ya yi ihun «gobara» don ya ga yadda mutane za su yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka sanar kwana biyu ko uku kafin ranar, ka rubuta a allon da kake rubuta wasanni. Zaɓi daren da ɗaki ya cika rabi, ka yi shi minti goma sha biyar kafin a fara kallo. Sai an saba za a gwada a daren cika.

Abu biyu ke hana mutum tashi: tsoron a sake karɓar kuɗinsa, da tsoron a zauna masa a wuri. Ka kashe su duka tun a bakin ƙofa. Kowa ya riƙe guntun tikitinsa ko a sa masa alama a hannu, kuma a yi alkawari kowa zai koma inda ya tashi.

Mai shela ya hau benci ya ce wani abu kamar haka: «Salamu alaikum. Iyayena, yayyena, ƙannena, ku ba ni minti biyar. Babu abin da ya faru, gwaji ne. In na busa usur, daga wannan ginshiƙi zuwa gaba ku bi ƙofar baya, inda Malam yake da tocila. Sauran ku bi ta gaba. A tafiye, ba gudu, ba turi. Mu haɗu a filin masallaci. Ba za a kunna wasa ba sai kowa ya dawo ya zauna.» Dattijon da ya ce shi ba ya tashi, a je wurinsa a rusuna: «Baba, don Allah ka taimake mu, in ka tashi yaran nan duk za su tashi.» Da wuya ya ƙi.

Ka sa ido a kan takalma. Da yawa sukan tuɓe silifa su naɗe ƙafa a benci, yara kuma na gaba suna kan tabarma takalmansu a tare a gefe. Da an busa usur za ka ga yaro ya kai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya tsaya cak, ya juyo yana kutsawa cikin masu fitowa, kansa a sunkuye yana lalube tsakanin ƙafafu. Mutum ɗaya da ya sunkuya a hanya mai faɗin mita ɗaya ya isa ya kayar da biyar. Dokar ita ce takalmi a ƙafa yake zama, wanda ya zame kuma a bar shi, mai bin baya zai kwaso. Haka wayar da aka ba da caji a teburin mai gida. Masu babur su ma da sun fito wurin baburansu suke nufa su fara turawa ta cikin jama'a. Mai ƙofa ya hana, babur ba ya motsi sai ɗaki ya zama wayam.

A koya wa kowa abu uku a filin taruwa, a taƙaice. In hayaƙi ya cika sama, a duƙa, iskar kirki tana ƙasa. In wani ya faɗi a gabanka, ka tsaya ka ɗaga hannu ka ce «a dakata», na baya su maimaita. In riga ta kama wuta, ba gudu, a kwanta a yi birgima, na kusa ya lulluɓe shi da bargo.

Ƙirga kawuna ka gwada da yawan tikiti, amma kada ka dogara da shi kaɗai, ranar gaske wasu gida za su wuce kai tsaye. Shaidar mai bin baya ita ce abin riƙo, shi ma in hayaƙi ya hana shi duba wani ɓangare ya fito ya faɗa wa ƴan kwana-kwana inda bai duba ba, kada ya koma.

Ranar gaske, mai shela ya faɗi gaskiya a gajarce da murya a kwance: «Akwai hayaƙi a wajen inji. Kowa ya tashi ya fita yadda muka gwada.» Mutanen da aka ɓoye wa dalili ba sa tashi da wuri. Wannan tsari ɗaya ne kuma ko faɗa ne ya ɓarke tsakanin magoya baya, ko guguwar farkon damina ce ta fara ɗaga kwano.

Mataki na 8: Taimakon farko

Ƙuna ruwa mai tsabta take so, a riƙa kwarara shi a hankali har minti 20. In famfo ba ya zuwa, a tsiyaya daga buta ko jarka. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba man gyaɗa. Rigar da ta manne da fata ba a fizge ta. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Wanda ya shaƙi hayaƙi, muryarsa ta dishe ko aka ga baƙi a hancinsa, a kai shi ko da ya ce lafiyarsa lau, domin maƙogwaro kan kumbura daga baya. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa. Ƙuna mai faɗi ko ta fuska ta babban asibitin ƙasa ce kai tsaye. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da irin wannan, ka tura ko mutum ɗaya daga cikin yaranka.

Mataki na 9: Rubuta, gyara, maimaita

A daren, bayan an tashi, ku zauna da masu aikin ko na minti goma ne. A littafi a rubuta kwanan wata, yawan mutane, lokacin da aka ɗauka, da duk inda aka samu cikas, kowane cikas da sunan wanda zai gyara da ranar da zai gama. In lokacin ya haura minti 2 da rabi, kada ka ce mutane su ƙara sauri. Ka koma kan benci, faɗin hanya da yawan tikiti, matsalar tana can.

Gwajin ma'aikata nakan so a yi shi kowane wata, na masu kallo duk wata uku, da kuma mako guda kafin salla ko wata babbar gasa irin kofin Afirka, lokacin da baƙin fuska ke yawa. A riƙa canza ƙofar da ake tarewa da jan ƙyalle. Duk ranar da ka sauya jerin benci, ko ka ɗauki sabon yaro, ko mai zaman ƙofar baya ya daina zuwa, a sake gwajin ma'aikata a cikin makon nan, kada a jira wata ya cika.